Shaidar Birko

A ƙofar coci Birko ya fara yi. Ya ƙame tamkar an dasa shi, ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, jela a miƙe, hanci ya nufi Detlef Rasch. Bai yi haushi ba, bai yi gurnani ba. Irmtraud ta ja igiyarsa a hankali, ta ba Detlef haƙuri, ta wuce.

Birko karen mijinta ne, Hinrich, irin karnukan farautar nan masu kaushin gashi kamar waya, ga gemu ga gira mai duhu, launin ƙasa da ratsin furfura. Kowa a ƙauyen ya san halinsa. Yara na jan gemunsa bai damu ba. Abu ɗaya aka haife shi ya yi: ya gano abin da ya ɓuya, ya tsaya, ya nuna.

A kakar bara aka tsinci Hinrich a daji, ƙarƙashin rumfar katakon da maharba ke hawa, harsashin bindigarsa a ƙirjinsa. 'Yan sanda suka ce tsautsayi ne. Irmtraud ta gaya musu mijinta ya ce wajen Detlef za shi, abokin farautarsa da suka daɗe suna rigima kan wa zai riƙe dajin. Detlef ya rantse zazzaɓi ya kwantar da shi ranar, ko ƙofa bai leƙa ba. Aka rufe magana.

Irmtraud ba ta sake tayar da ita ba. Har ma ta ɗauki koren kwat ɗin Hinrich, ta rage masa hannu, ta kai wa Detlef, ta ce marigayin zai so abokinsa ya sa. Ƙin karɓa zai jawo surutu, sai ya karɓa, ya riƙa sa shi duk inda za shi. Tun da gwauro ne, ita ke mayar masa da maɓalli, kuma maɓallan kwat ɗin ba sa daɗewa.

Sauran lokacinta na Birko ne. Kullum da safe sai ta kai shi gudu bayan gonakin dankali, don irinsu idan suka zauna lalacewa suke. Ta tsefe masa gemu, ta goge kunnuwan nan masu faɗowa, ta cire mataccen gashi da yatsu, kamar yadda Hinrich ke yi. Wani lokaci sai hannunta ya tsaya a wuyansa, ta daɗe tana kallon rufin gidan Detlef.

Sau ɗaya tak ta ce wa matar mai burodi wai ranar da abin ya faru Birko shi kaɗai ya dawo gida, jikinsa duk taɓo. Kafin mako ya zagayo labarin ya shiga kowane gida.

Birko ya nuna Detlef a shagon burodi. Ya nuna shi a maƙabarta. A mashaya aka fara matsar da kujeru idan ya zauna. Wani ya tambaye shi, da dariya, ko kuɗin tsiren Birko ya ci, amma ba wanda ya taya shi dariyar. Detlef ya rame.

Ranar buɗe farautar bana maharba suka jeru a bakin daji, aka busa ƙaho. Irmtraud ta zo ba da aron karen, kamar yadda aka roƙe ta. Tana kwance igiya, Birko ya ratsa mutum fiye da ashirin, ya wuce karnuka, ya je gaban Detlef ya ƙame.



"Ki ɗauke shi daga gabana," in ji Detlef.

"Ba ni na aike shi ba, maƙwabci."

"Duk kun haukace ne? Me ya gani? Karen nan ko dajin bai zo ba ranar. Hinrich shi kaɗai ya zo."

Tsoho Eggers, shugaban maharba, ya sauke ƙahonsa.

"Kai da kake kwance da zazzaɓi, Detlef, ya aka yi ka sani?"

Aka karɓe bindigar Detlef ba gardama. Kafin la'asar ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ya harbe Hinrich.

Bayan shari'a aka dawo wa Irmtraud da kwat ɗin. Ta zauna a kicin, Birko na kwance gefen murhu, inda ya wuni da ɗaurarriyar ƙafa ranar da aka kashe maigidansa. Ta sa almakashi ta farke shafin kwat ɗin, ta zaro abin da hancin Birko ke bi: fukafukan makwarwar da ta ɗinke a ciki, take sauyawa duk lokacin da maɓalli ya faɗi.