Akushin Kaka

Wata la'asar a Gangara na dawo daga lakol hankali tashe. Malaminmu ya ce gobe kowa ya kawo tsohon kaya daga gida, wanda ya zo hannu rabbana ya sha bulala. Ni kuwa na riga na cika baki zan kawo akushin kakata, baƙi ƙirin, mai ƙanshin man shanu da hayaƙi, wanda na rantse ya girmi garin.

Na same ta tana tsintar wake, na zuba mata ilimi kafin in nemi aron akushin.

"Kaka, a gidan tarihi na Yamai akwai wani mutum, konsarbater. Malam ya ce sunan daga tsohon yaren Turawa ya fito, ma'anarsa mai adana abu kada ya lalace."

"Yana ba yara aro, maigidana?"

"Ina! Ko taɓawa ba a yi."

"Allah ya yi masa albarka. To, a gidan nan ni ce shi. Matsa, ka tare mini haske."

Na yi roƙo, na yi birgima har kaji suka watse, ko gezau. Har yau haushin kaina nake ji: da bakina na naɗa ta sarautar, kuma a kaina ta fara mulki.