Jan Zare a Cikin Aljihu

Kai da kake cewa naka fasaha ce, ciniki kuwa na 'yan kasuwa ne, gyara zama ka ji. An yi wani maɗinkin babbar riga a wani gari, wanda in ya ɗora allura a kan shadda sai ka rantse ba hannun mutum ba ne. Aska takwas ɗinsa, wato adon gaban riga, ko da tsinke ka bi ta ba ka samun inda zare ya kauce. Riga ɗaya takan ci masa wata uku, yana zaune a zaure, baya a tanƙware, ido na ruwa. In ya gama yana da wata al'ada: sai ya juya aljihun rigar, ya sa jan zare ya yi ɗinki uku a ciki kamar sawun kaza, inda ba mai gani sai mai riga. Sa hannunsa ke nan. Amma mutumin nan bai iya ciniki ba, ba ya kuma son ya iya. In mai saye ya taya da araha, maimakon ya ce albarka a ci gaba da magana kamar kowa, sai ya fizge rigarsa ya ninke, ya ce wa mutum ya tafi wurin 'yan gwanjo. Mutum nawa ya kora a kan tayin farko? Alhali ko ɗan goye ya san tayin farko gaisuwa ce.

Ana nan sai ga wani dillali mai sanyin baki, wanda ko zare bai iya zurawa a allura ba. Ya ce, "Malam, irinku ba a barinku a rana. Kai dai yi ɗinkinka, ni ka bar ni da surutun kasuwa." Maɗinki ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Daga ranar dillali ke kawo yadi da zare, shi ke kai riga mabuga a buge ta ta yi ƙyalli, shi ke shiga birni da ita. Abin da ya miƙo shi maɗinki ke karɓa, bai taɓa tambayar wa ya saya ba. Shekara goma sha biyu bai ga fuskar mutum ɗaya da ya sa rigarsa ba, yana ma alfahari da haka. Dillali kuwa ya buɗe kanti, ya sauke farali, ya zama Alhaji. Duk wanda ya shigo sai ya juya masa aljihu ya nuna jan zaren, ya ce ga shaidar kayan gidansa. Ƙarya ya yi? Ai a gidansa ake samu. Da masu saye suka fi ƙarfin hannu ɗaya, sai ya samo waɗansu maɗinka biyar, ya ce kowa ya riƙa sa sawun kaza a aljihu.

Sai idon maɗinki ya fara rauni, rigar wata uku ta koma ta wata biyar, Alhaji ya fara ɗauke ƙafa. Ranar da ya leƙo, maɗinki ya tare shi da faɗa, ya ce ai ba a yi wanda zai ci da guminsa ya kuma juya masa baya ba. Alhaji ya ce Allah ya ba da haƙuri, ya sa takalmansa, bai sake dawowa ba. Maɗinki ya sayar da awakinsa biyu, ya sayi shadda mai kyau, ya zauna ya yi rigar da bai taɓa yin irinta ba, ya sa jan zarensa, ya hau mota zuwa birni da kansa. A rumfar farko mai rumfa ya baza ta, ya shafa wuyan, sannan ya juya aljihu. Ya ce, "Wannan ai sawun kazar Alhaji ne. Ina ka samo?" Maɗinki ya ce shi ya ɗinka, alamar kuma tasa ce tun Alhaji na yawo da jaka a hammata. Aka bushe da dariya. Rumfa uku ya shiga, magana ɗaya: ko dai sata ce, ko jabu. Wa ya san shi? Wa zai shaide shi? A ta huɗu mai rumfar ya ja shi gefe, ya ce, "Baba, in kana so ta shiga, cire jan zaren nan tun yaran Alhaji ba su kai ka gaban sarkin kasuwa ba." Ga gida babu hatsi, ga awaki sun tafi. Maɗinki ya zauna a gindin katanga, ya zaro allura daga hularsa, ya kusanto da aljihun ga idonsa, ya tsince ɗinki ukun nan ɗaya bayan ɗaya. Mai rumfa ya taya. A karon farko a rayuwarsa bai fizge kayansa ba, ya sallama a farashin rigar da ba ta da uba. Bai kai tasha ba mai rumfa ya aika da ita kantin Alhaji, aka mayar mata da jan zarenta, aka rataye ta a sama inda ake rataye na manya.

Ban ce Alhaji mutumin kirki ne ba, ban kuma ce ɓarawo ne ba. Shimfiɗa ya gani babu kowa, ya zauna. Wanda ya iya aiki ya ƙi koyon tsayawa a gaban mai saye, ya riƙe allura ne ya ba wani sunansa. Hausawa sun gama magana tun ba a haife mu ba: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.