Hamsin da Tara

Karo na huɗu ke nan yana haɗa lissafin a bayan takardar magani, shayinsa har ya huce. Gwajin farko, 'yarsa Auta ta ci sha ɗaya cikin ashirin. Aikin ɗakin gwaje-gwaje, takwas cikin goma. Gwaji na biyu mai maki talatin kuwa, ko ɗaya babu. Sha tara ke nan. Babbar jarrabawa arba'in ce, ko ta cinye ta kaf, a hamsin da tara za ta tsaya, alhali sittin ake nema.

Ya haɗa daga sama, ya haɗa daga ƙasa, kamar lissafi zai ji kunyar furfurarsa. Bai ji ba.

Kuma wannan ne karo na biyu da Auta take ɗaukar darasin. A makarantar koyon likitanci ba a ba da na uku, takardar sallama ake miƙa wa mutum. Yarinyar da tun tana rarrafe take ɗaure wa 'yar tsanarta bandeji, shekara uku na karatunta za su tafi a banza saboda maki ɗaya. 

Abin da ya fi cin ransa, shi ne sanadi. Ranar gwaji na biyu ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa, jininsa ya hau. Babu kowa a gida sai Auta, jaka a kafaɗa. Ta yar da jakar ta kai shi asibiti, ta zauna a kansa har ya buɗe ido. Gwajin kuwa an yi shi a kan lokaci, don malamin darasin ya tsara komai tun farkon zango, yana nan ko ba ya nan, mataimakansa sun san aikinsu.

Sifiri ɗalibai suke kiran malamin nan, kuma ba ƙage suka yi masa ba. Shekara ashirin dokarsa ɗaya ce: wanda bai zauna gwaji ba, sifiri ne, babu ramuwa, babu uzuri. Bara wata ɗaliba ta je masa da shaidar rasuwar mahaifiyarta, tana kuka kamar ranta zai fita. Ya yi mata ta'aziyya da kyau, har da addu'a, sannan ya zana mata ƙwallon sifirinta da jan biro. An sallame ta. Da shugabannin makaranta suka so sa baki, tsayawa ya yi a gaban taro ya rantse cewa ko 'yar cikinsa ce, haka zai yi.

Matarsa ta zo ɗauke kofin, ta leƙa takardar.

"Maki ɗaya, Baban yara. Ɗaya tak. Yau ake rufe makin gwaji, ko ba haka ba?"

"Ƙarfe sha biyu."

"To, sai ka je ka gaya wa Sifirin, in Allah ya sa yana da kunne." Ta juya kafin ya ga idonta.

Auta ta fito da littattafai a ƙirji, ta rame kamar ita ta yi jinyar. Har yanzu karatu take ba ji ba gani, domin jarrabawar da ta san ba za ta cece ta ba.

"Abba, ka bar wahalar da kanka," ta ce. "Ni ma na lissafa. Ka sha maganinka dai."

Da ta yi masa tsiwa ma, da ya fi samun sauƙi.

Ya ninke takardar, ya kama hanyar makaranta. A mota ya shirya magana kala-kala. Zai ce yarinya ce mai ƙoƙari. Ai waccan ma mai ƙoƙari ce. Zai ce lalura ce. Wace lalura ta wuce mutuwar uwa? Duk hujjar da ya ɗauko, ya riga ya san amsarta kalma da kalma, kuma amsar ta fi ƙarfinsa.

Ya hau benen a hankali, yana hutawa kamar yadda likita ya ce. Ɗaliban da ke hira a baranda suka yi tsit, suka ba shi hanya. A ƙarshen barandar ga ofishin Sifiri, an manna dokar a jikin ƙofa, takardar ta yi ja don tsufa. Ya tsaya ya karanta ta tun daga farko har ƙarshe, yana neman wata 'yar kafa da uba zai bi ya ceci 'yarsa. Wanda ya rubuta ta bai bar ko ɗaya ba.

Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika. Ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe ofishin, ofishinsa na shekara ashirin.