Allurar Ra'afat

"Likita, a dakatar min da allurar nan."

Na ɗago na dubi Ra'afat. Shekara ashirin da biyu yana fama da soriyasis, ciwon da ke sa fata ta yi kauri, ta tsattsage, tana zubar da ɓawo. A masallacin unguwarsu a Mansura, in ya miƙa hannu sai mutane su dafa ƙirji maimakon su gaisa da shi. Man shafawa da ƙwayoyi duk sun gaza, sai da na ɗora shi kan sabuwar allurar da ke lafar da garkuwar jiki. Cikin wata huɗu hannunsa ya koma sumul.

Na ce, "Zazzaɓi take sa ka?"

"A'a."

"Ka san in ka bar ta, ciwon zai dawo, har gaɓoɓinka yana iya kamawa?"

"Na sani. Wata nawa zai ɗauka kafin ya dawo?"

Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ummata ta makance, ga ciwon mantuwa. Ba ta gane muryar kowa. Amma da, in ta shafa hannuna ta ji kaushin, sai ta ce, 'Ra'afat, ka ci abinci?' Jiya na kai mata shayi. Ta shafa hannun, ta janye nata, ta ce, 'Bawan Allah, in ka ga ɗana, ka ce masa wata biyu ke nan ina jiransa.'"