Sunan Ɗan Fari

Tun da aka kafa na'urar adana magana a kowane gida, makaranta ba ta ɗaukar ɗalibi sai na'urar ta shaida ubansa.

Ma'aikaciyar makarantar ta rubuta sunan yaron, "Nafi'u", ta bincika maganganun ubansa. Allo ya fito fayau. Ta dubi uban, Malam Haladu.

"Baba, ba ka taɓa kiran sunansa ba?"

"Ɗan fari ne, 'yata. Da wane bakin?"

Nafi'u ya tuntsire da dariya. "Anti, rubuta 'mai ƙaton kai'."

Nan take allo ya cika, har da "Allah ka raya min mai ƙaton kan nan."

Ta ɗauki yaron a makarantar tana dariya. Haladu ma ya dara, sai dai ya tuna a sujada ya faɗi wannan addu'ar, cikin raɗa.