Jinkar da Ta Jira Soja

Na ji an ce tun da aka tura maigidanki aiki ƙasar waje, kome ke kaɗai kike yi, ko surukarki ta aiko a taya ki sai ki ce ba komai. To zauna ki ji wani misali, in kin ga dama ki ɗauka.

An yi wani dattijo manomi a wani ƙauye, yana da ɗa namiji guda ɗaya tak, soja. Kowace bazara yaron yakan sami hutu ya zo gida, in kuwa jinkar rumbu ta tsufa, tare suke sabunta ta. Uban ya ɗaure itatuwa a ƙasa, ya baibaye su da shuci, in ta kammala a kira maƙwabta a ɗaga. Ɗan ne ke kama gefen da ya fi nauyi, shi ke ba da murya kowa ya yunƙura. Sai wata shekara aka kwashe rundunar su yaron aka kai wata ƙasa can ƙetaren teku, aikin kiyaye zaman lafiya. Wani lokaci a same shi a waya, wani lokaci kuwa shiru kamar an aiki bawa garinsu. Shekarar nan gara ta cinye tsohuwar jinka, dole aka sauke ta. Tsoho ya zauna ya ɗaura sabuwa, kyakkyawa son kowa, ya ajiye ta a tsakar gida gefen rumbu. Daga nan fa ya kafe, ya ce ba mai taɓa ta. Ga rumbu baki buɗe, cike da dammunan gero, abincin gidan na shekara, ba abin da ya raba shi da sama sai wata tsohuwar zana da aka yafa.

Kada ki ce girman kai ne, wallahi tsoro ne. A ransa, in aka ɗora jinkar nan ba da hannun ɗansa ba, kamar ya yarda ke nan yaron ba zai dawo ba. Bai faɗa wa kowa ba, ya bar abin yana cin sa. Taubashinsa, wani maƙeri mai bakin tsiya, in ya zo wucewa sai ya leƙo ta saman danga ya ce, "Kai tsoho, wannan ɗakin kaji ka yi ko na aljanu?" Shi kuwa ya ce, "Sai soja ya zo." Maƙeri ya ce, "To Allah ya sa hadari ma ya san da soja."

Ai kuwa hadari bai san da shi ba. Wata rana da la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta fizge zanar nan ta yi bayan gari da ita. Tsoho ya fito da gudu. Ko a lokacin bai kira kowa ba. Ya sunkuya ya kama bakin jinka shi kaɗai, ya ɗaga wannan gefe, wancan ya nutse a ƙasa. Ya zagaya ya ɗaga wancan, wannan ya koma ya zauna. Bayansa ya amsa, gumi ya rufe masa ido, sai ya ji ɗigon farko ya sauka a ƙeyarsa. Ya dubi bakin rumbu, ya tuna jikokinsa da za su ci geron nan har kaka. Nan ya saki jinka, ya buɗe baki iya ƙarfinsa ya ce, "Jama'a, ku kawo ɗauki!" Ashe mutane jira kawai suke yi. Maƙeri ne ya fara faɗowa gidan da walkinsa, toka duk a gemu, bayansa waɗanda suka fito daga masallaci, wasu ko takalmi ba su tsaya sawa ba. Maƙeri ya kama gefen da soja ke kamawa, ya ba da murya, aka yi ya Allah, jinka ta tashi sama ta zauna daram a kan rumbu. Ba su gama ɗaure ta ba ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Da aka ɗauke, tsoho ya zura hannu ya shafo gero, ya ji shi a bushe ƙarau. Hawaye suka zubo masa a gaban kowa, bai ko ɓoye ba.

Bayan 'yan kwanaki waya ta shiga. Tsoho yana ta inda-inda, yana neman ta inda zai fara, don gani yake ya ci amanar yaron. Ko gama gaisuwa ba su yi ba ɗan ya ce, "Baba, an ɗora jinka kuwa?" Ya ce, "An ɗora. Ba ka nan, amma an ɗora." Sai ya ji yaron ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce, "Alhamdu lillahi! Tun da na ji damina ta kusa, ko abinci ba ya shiga mini, na san halinka." Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ji ƙirjinsa wasai. Shi yana nan yana tsare wa ɗansa gefen jinka, ashe can ƙetare kaya ya ɗora masa a kan wanda yake ɗauke da shi.

Wanda ya yi nisa ba ya son ya ji nasa na fama su kaɗai, 'yar nan. Ba a banza Hausawa suka ce ba: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.