Tabon Gefen Dama

Zaharadeen ya zare katin bidiyon daga cikin tsohuwar kwamfutar, ya hure shi, ya mayar, ya kunna. Allon mai ƙeya ya yi ƙara, ya haska. Tabon yana nan daram, kore da shunayya sun cakuɗe a gefen dama, daidai kan fuskar mahaifiyarsa, Inna Fatu.

Marigayiyar ba ta son hoto. Ko an matsa mata, can gefe take raɓewa. Hotunanta kaf suna cikin wannan injin da mijinta Malam Daudu ya saya tun yana aiki a Gwiwa, kuma yanzu duk wanda aka buɗe, tabon ya cinye ta.

Gaisuwa kawai ta kawo Zaharadeen Kazaure bayan shekaru a Legas. Ko jakarsa bai kwance ba. Kamfaninsu ya ce ya koma kafin wata ya mutu, ko a ba wani kujerarsa.

Shi ne ɗan fari, saboda haka mahaifinsa bai taɓa kiran sunansa ba, ballantana ya zauna hira da shi. Ko maganar gyaran ma ta bakin Gwaggo Shatu ta fito.

"Yaya ya ce a tambayi wancan, ko karatun nasa ya kai ya fito masa da fuskar matarsa."

"Gwaggo, aikin shan shayi ne. Ba zan bar garin nan ba sai na gyara."

Ya faɗa a tsakar gida, gaban kowa.

Abin da ya ɗaure masa kai, da sassafe allon tas yake. Sai hantsi ya ɗaga, lokacin da Malam Daudu kan shigo ya zauna a kujerar gefen tebur, ya aje carbi da gwangwanin goronsa ya zuba ido, sannan tabon ya fara tsirowa. Zaharadeen ya ce zafi ne, katin ke ɗumama. Ya kafa masa fanka. Tabon bai san ana yi ba.

Ya sauya wayar allon. Ya rage girman hoto, ya ƙara. Ya goge haƙoran katin har suka yi ƙyalli. Ya tuna cewa irin wannan allon ba ya shiri da maganaɗisu, sai ya kwashe sifiku, ya fitar da fankar, ya raba teburin da duk wani ƙarfe. Kayan Baba ne kawai bai taɓa ba. Wa ya isa?

Ya hau babur har Babura, inda wani mai shagon buga takardu ya tono masa kati daga ƙarƙashin buhun gyaɗa. A Roni ya samo wani, gizo-gizo ya yi gida a jikinsa. Kowanne ya yi lafiya da safe, ya kunyata shi da hantsi.

A wajen jiran injin ya tashi, shiru yakan yi yawa. Rediyon Malam Daudu, wanda labarai ba sa wuce shi, ya daina magana tun ranar da Zaharadeen ya sauka, mai shi kuma ya hana a duba shi. To, sai tsohon ya fara magana da bango.

"Wannan hoton ranar sunan wani ne. Ya yi ta tsala ihu har liman ya manta addu'a."

Zaharadeen ya amsa wa sukudireba: "Ashe."

Washegari bango ya ji labarin yadda Inna Fatu ta kori akuya da ludayi ranar da aka kawo ta. Rana ta uku ya ji na dam ɗin garin, da kifin da ya fi ƙarfin mutum biyu. Sukudireba ma ya fara ba da labarin Legas, har bango ya yi dariyar da ta zama tari.

Wata ya zo ƙarshe. Wayar Zaharadeen ta yi ta ruri. Gwaggo Shatu ta leƙo.

"Injiniya, shayin bai huce ba?"

Ranar ƙarshe ya shigo da jaka a kafaɗa, kunya ta cika shi. Ko ya tafi ya karya alkawarin da ya yi gaban kowa, ko ya zauna aiki ya tafi. Ya ce bari ya rufe murfin injin, ya nemi gafara.

Ƙaramin noti ya suɓuce masa, ya gangara kan tebur. Ya bi shi da ido har inda ya tsaya. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗago, ya ga Malam Daudu ya duƙufa yana nazarin silin kamar yau aka kafa shi.

Zaharadeen ya sauke jakar a hankali.

"Baba, na gano ciwon. Babba ne. Gyaran nan zai kai kaka."

"To," in ji tsohon, ga bango. "A gaya wa Shatu ta ƙara tuwo."

Sai da tsohon ya fita alwala sannan Zaharadeen ya sa yatsa biyu ya ɓamɓaro notin daga jikin gwangwanin goron, inda ya yi tsalle ya manne, ya buɗe gwangwanin, ya ga maganaɗisun sifikar rediyon Baba a ciki, ya mayar da murfin, ya tura gwangwanin daidai inda yake, jingine da gefen dama na allon.